Yadda Ake Ƙera Allo Mara Nauyi Mai Ɗaukar Kaya ta Hanyar Kwaikwayon Ƙashi da Bakin Tsuntsu

Bakin tsuntsun tukan na dazuzzukan Kudancin Amurka ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon tsuntsun, amma a sikeli bai wuce kashi ɗaya cikin ashirin na nauyinsa ba. Idan aka datse shi aka duba ciki, za a tarar da siririn ɓawo na keratin, wato sinadarin farce da ƙaho, wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Ƙarƙashin ɓawon akwai wani soso na zaruruwan ƙashi, tsakiya kuma kogo ne. Bakin cilakowa ma kusan haka yake. Ɓawon shi kaɗai da yatsa za a lotsa shi, soson shi kaɗai marmashewa zai yi, amma a haɗe suna ɗaukar abin da ya fi ƙarfin kowannensu.

Wannan jerin shi ake kwaikwayo. Kamannin dabbar ba su da amfani ga maƙeri. Abin tambaya a kowane ƙashi ko ɓawo shi ne: wane irin kaya yake ɗauka, kuma a ina aka tara nama, a ina aka bar iska?

Fara da kayan da za a ɗora

Kafin a zana komai, a rubuta abu huɗu da lambobi: nauyin kayan, tazarar da ke tsakanin matokarai, yawan lotsawar da za a iya haƙura da ita, da kuma ko kayan a zaune yake ko bugu ne. Sai a raba tauri da ƙarfi, domin mutane da yawa suna cakuɗa su. Tauri shi ne ƙin lanƙwasa, ƙarfi kuma ƙin karyewa. A yawancin abubuwa marasa nauyi tauri ne ke fara gazawa: abin bai karye ba, amma ya sunkuya har ya daina aikinsa.

Girma ma yana da ta cewa. Tun a 1638 Galileo ya nuna cewa idan aka ninka girman abu sau biyu ta kowane gefe, nauyinsa zai ninku sau 8 alhali faɗin da ke ɗaukar nauyin sau 4 kawai ya ƙaru. Shi ya sa fasalin da ya yi wa ƙwaro daidai ba zai yi wa rufin ɗaki ba sai an sake lissafi.

Bututu: darasin ƙashin fiffike

Idan sanda ta lanƙwasa, bayanta yana miƙewa, cikinta yana matsewa, tsakiyarta kuwa kusan zaman banza take yi. Ƙashin fiffiken tsuntsu ya kwashe naman tsakiyar ya kai shi gefe. (Af, ƙashin tsuntsu ba laushi gare shi ba. Sinadarinsa ya fi na dabbobi masu shayarwa masu girmansa cunkushewa, fasalin ne ke kawo sauƙin.)

Ɗauki sandar ƙarfe cikakkiya mai kaurin milimita 20. Idan aka mayar da wannan ƙarfen bututu mai faɗin milimita 40, bangonsa zai zama milimita 2.7, nauyi bai canza ba, amma taurinsa wajen lanƙwasa ya ninku sau 7. A kai shi milimita 60, bango ya koma 1.7, tauri sau 17. A milimita 100 bango ya zama milimita 1, takarda ta ce sau 49. To a nan ne takarda take yaudara. Bango mai wannan sirantar ba ya jira ƙarfen ya gaji: gefen da ke matsewa sai ya lotsa ciki kamar gwangwanin da aka taka, bututun ya naɗe a wuri guda. Ƙaramin duka ma ya isa ya fara wannan.

Dabbobi suna maganin haka ta hanya biyu. Manyan tsuntsaye suna da ƙananan matokarai a cikin kogon ƙashi inda ake yawan lotsawa. Ƙayar beguwa kuma bututu ce da aka cike da kumfar keratin, kumfar tana tallafe bangon daga ciki. A aikace, idan faɗin bututu ya haura kaurin bangonsa sau hamsin, a sa masa zobba a ciki a wuraren da kaya ke sauka da wuraren haɗi, ko a cika shi da busasshiyar kumfa. Cika bututu mai kaurin bango da kumfa ƙarin nauyi ne kawai.

Fata biyu da ɓargo

Ga shimfiɗaɗɗen abu kamar kanta, ƙofa, benen tirela ko fiffike, dabarar bakin tukan ce ta fi biya: fata biyu masu tauri, ɓargo mara nauyi a tsakani. Fatar sama tana ɗaukar matsi, ta ƙasa tana ɗaukar ja, ɓargon yana riƙe su nesa da juna ya kuma hana su zamewa. Don ganin wannan zamewar, lanƙwasa littafi mai laushin bango ka dubi yadda gefen shafukan ke gocewa. Aikin ɓargo da gam shi ne hana wannan gocewa. Dabarar ba sabuwa ba ce: jirgin yaƙin Mosquito na Ingila, wanda ya fara tashi a 1940, da katakon balsa aka yi ɓargon gangar jikinsa tsakanin siraran fallayen katako biyu.

Ga misali da lambobi. Ana son allo mai faɗin milimita 300 a kan matokarai biyu masu tazarar milimita 1000, zai ɗauki kilo 50 a tsakiya, wato kimanin niyuton 500, kuma kada ya lotsa fiye da milimita 5. Fatun alminiyam ne mai kaurin milimita 0.5 kowanne, ɓargon kuma busasshiyar kumfar PVC mai nauyin kilo 80 a kowace mita kubik.

Taurin allon, D, ana samunsa da E × t × d × d × b ÷ 2. E taurin alminiyam ne, 70,000 MPa (MPa ɗaya niyuton ɗaya ne a kan kowace murabba'in milimita). T kaurin fata ɗaya. B faɗin allo. Ƙaramin d kuma tazara daga tsakiyar fatar sama zuwa tsakiyar ta ƙasa. Lotsawar kashi biyu ce. Ta lanƙwasa ita ce P × L × L × L ÷ (48 × D), inda P yake kayan a niyuton, L kuma tazarar matokarai a milimita. Ta zamewar ɓargo kuma kusan P × L ÷ (4 × G × b × d), inda G, wato taurin ɓargo wajen ƙin zamewa, yake wajen 27 MPa ga irin wannan kumfar. A duba takardar kamfanin da ya yi kumfar, domin lambar tana bambanta.

Da ɓargon milimita 20, lanƙwasa ta ba da milimita 4.7, zamewa 0.8, jimla 5.5. Ya wuce iyaka da kaɗan. Wanda bai saba ba sai ya ƙara kaurin alminiyam. Ba nan maganin yake ba. A ƙara ɓargon zuwa milimita 25: lanƙwasa ta sauko 3.1, zamewa 0.6, jimla kimanin 3.7, ƙarin nauyin kuma giram 120 kacal. Allon gaba ɗaya, fatu giram 810, kumfa 600, gam wajen 150, bai kai kilo 1.6 ba. Cikakken alminiyam mai wannan taurin sai ya kai kaurin kusan milimita 12 da nauyin kilo 9.5.

Damuwar da ke kan fatun, wato ja ko matsin da suke ɗauka, a wannan kayan 33 MPa ce, ƙasa sosai da inda alminiyam irin 5052 ke fara miƙewa, wajen 190. A ƙa'idar lissafi, allon da ya fi sauƙi a tauri ɗaya shi ne wanda ɓargonsa ya ninka fatunsa nauyi, wato ana iya ƙara sirantar da fatun nan. Amma fatar da ta gaza rabin milimita ko faɗuwar sifana ta isa ta lotsa ta, don haka ga abin da hannu zai riƙa taɓawa gara a tsaya a 0.5.

Kada a yi watsi da kashi na biyu na lotsawar, wato zamewar ɓargo. Idan tazarar ta gajarta zuwa milimita 300, lotsawar zamewa tana ninka ta lanƙwasa. A gajeren allo ingancin ɓargo ne ke mulki.

Kumfa ko saƙar zuma

Ƙudan zuma ba don ɗaukar kaya suke gina ɗakuna masu kusurwa shida ba. Fasalin ne ke raba fili da mafi ƙarancin kaki, abin da masanin lissafi Thomas Hales ya tabbatar da lissafi a 1999. An yi dace ne ya zama ɓargo mai kyau. Saƙar alminiyam ko ta takardar aramid ta fi kumfa tauri a nauyi ɗaya, amma tana da sharuɗɗa. Taurinta ta tsawon zirin da aka manna aka yi saƙar da shi ya kusan ninka na ɗaya gefen, saboda haka zirin ya bi tsawon tazarar. Gam yana kama bakin bangon ɗakunan ne kawai, dole ya yi kaurin da zai taru a gindin kowane bango. Idan ɗakunan sun yi faɗi fatar kuma siririya, sai fatar ta faɗa cikinsu ta yi gurbi-gurbi; ga fatar milimita 0.5 a zaɓi ɗaki na milimita 3 zuwa 6. Ruwa kuma in ya shiga ba ya fita. Ga aikin farko kumfa mai rufaffun ƙwayoyi ta fi yafiya.

Haɗawa

Yawancin allunan da suka lalace, lissafinsu daidai ne, mannawar ce ta ci amana. Ana buƙatar shimfiɗaɗɗen tebur wanda aka gwada da doguwar rula, leda ta rufe shi, gam na efoksi mai haɗi biyu, sikeli mai auna giram, samfefa mai lamba 120 zuwa 180, asiton, tsumma mara gashi, mashafi mai haƙora, da safar hannu ta naitiral. Efoksi yana haddasa ƙaiƙayin fata wanda in ya kama mutum ba ya rabuwa da shi, kuma a yi aikin inda iska ke ratsawa.

A goge fuskar alminiyam da asiton tukuna, sannan a murje ta da samfefa har ƙyallin ya ɓace ko'ina, a sake gogewa da sabon tsumma. Idan aka fara da samfefa, maiƙon da ke sama shi ake tura wa cikin ƙarcen. A gwada a wani guntu: a zuba ruwa, in ya bazu ya kwanta, fuska ta yi tsabta, in ya tattaru ɗigo-ɗigo, da sauran maiƙo. A manna cikin awa guda, domin alminiyam yana sake yin wata fatar tsatsa da zarar ya sha iska. Kada feshin silikon ya kusanci wurin.

A auna gam da sikeli bisa adadin da aka rubuta a gwangwaninsa. Ƙara ruwan daskarwa ba ya sa efoksi saurin bushewa, sai dai ya bar shi da danƙo. A juya minti biyu zuwa uku ana kankare gefe da gindin kofi, sannan a juye shi a faffaɗan tire, don in ya zauna a kofi yakan ɗau zafi ya daskare kafin a gama. Giram 200 zuwa 300 a kowace murabba'in mita ya isa ga kowane gefe, wato giram 60 zuwa 90 ga allon misalinmu. A shafa wa kumfar siririn shafi ya cike ƙwayoyin da wuƙa ta buɗe, a shafa wa alminiyam, a ɗora fatar daga gefe ɗaya ana kwantar da ita a hankali don iska ta gudu.

Sai matsi. Matsin buhun kilo 100 a kan allon nan wajen bar 0.03 ne kawai (bar ma'aunin matsi ne). Jakar leda da aka zuƙe wa iska zuwa bar 0.6 kuwa tana danna shi da abin da ya kai tan 1.8, kuma daidai wa daida a ko'ina. In babu famfon zuƙa, a ɗora kakkauran katako a sama a baza nauyin a kansa, a manna fata ɗaya yau, ɗayar gobe. A bar shi awa 24 a zafin digiri 20 zuwa 25, kada a ɗora masa cikakken kaya sai bayan mako guda.

Kurakurai biyu suna yawan maimaituwa. Farar kumfar folistirin tana narkewa in ta haɗu da gam na foliyesta ko gam mai ƙamshin fetur. Sannan fatu biyun su zama iri ɗaya, kauri ɗaya. In sama alminiyam ne ƙasa kuma zaren gilashi, allon zai riƙa bauɗewa duk lokacin da zafi ya sauya. Zaren kabon da ya taɓa alminiyam kai tsaye kuma yana cinye shi in da danshi, sai an raba su da siririn zaren gilashi.

Inda ƙusa za ta ratsa

Dubi ƙashin cinya: tsakiyarsa bututu ne, amma kusa da gaɓa ya kumbura ya cika da saƙar ƙananan sanduna masu bin hanyar da nauyi ke bi. A shekarun 1860 a Zurich injiniya Karl Culmann ya lura cewa zanen wannan saƙa da masanin jiki Hermann von Meyer ya yi ya yi kama da layukan damuwa a cikin ƙugiyar ɗaga kaya, Julius Wolff kuma ya faɗaɗa batun a 1892. Ma'anarsa ga allo ita ce duk inda kaya ke shiga a wuri ƙarami, sai an ƙara nama.

Kumfar misalinmu tana murƙushewa a wajen 1.4 MPa. Kilo 50 a kan ƙafa mai faɗin milimita 10 sau 10 ya kai 5 MPa, zai huda. A sa faranti na aƙalla milimita 30 sau 30 a ƙarƙashin ƙafar. Ƙusa mai noti kuwa ba a ɗaure ta kan kumfa: a yanke ɓargon a wurin tun kafin mannawa a cusa guntun katako mai tauri ko alminiyam, faɗinsa ya ninka ƙusar sau huɗu zuwa biyar, a fiƙe gefensa a karkace don kada tauri ya yanke kwatsam, domin a irin wannan iyakar tsaga ke farawa. Gefunan allon ma a rufe su da katako ko ƙarfe mai siffar U, in ba haka ba daga nan fata za ta fara ɓantarewa.

Saƙa da na'urar bugawa

Mai na'urar buga abu mai tudu (3D) yana iya yin ɓargon da kansa. Abin da ya kamata ya sani shi ne saƙa iri biyu ce. Wadda ta ƙunshi kusurwa uku-uku, sandunanta ja da matsi suke ɗauka, in aka rage rabin kayanta rabin taurinta ne ke tafiya. Wadda babu sandunan karkace a cikinta lanƙwasa take yi, in aka rage rabi sai kashi uku cikin huɗu ya tafi. Ƙa'idar Maxwell ta 1864 tana bambance su: a shimfiɗe, sanduna su kai ninki biyu na mahaɗai a cire 3, a tsaye, ninki uku a cire 6. Akwati mai mahaɗai 8 yana buƙatar sanduna 18, gefunansa 12 ne, saura shida, ɗaya a karkace a kowace fuska. Soson teku mai ƙwarangwal na gilashi, Euplectella, haka ya yi wa ragarsa, sai dai yana tsallake rami ɗaya ya tokare na gaba.

Mai lanƙwasar ma tana da ranarta: ita ake so inda za a shanye bugu, kamar cikin hular kwano. Ƙashin kifin tawada, wanda sama da kashi 90 cikin ɗari na cikinsa iska ce, hawa-hawa yake, kuma in ya karye hawa ɗaya ke rushewa kafin na gaba. A kwaikwayi wannan ta raba saƙar da siraran benaye.

Da bakin na'ura na milimita 0.4, sanda kada ta gaza milimita 1.2, karkatarta kada ta wuce digiri 45 daga tsaye. Abin da aka buga ya fi rauni a tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, don haka a kwantar da shi yadda ja zai bi tsawon zaren. Ƙara zagayen bango daga biyu zuwa huɗu ya fi ƙara cikon ciki amfani a wajen lanƙwasa, dalilin kuwa shi ne na bututun nan. In da gari ake bugawa, a bar ramukan zazzage shi.

Inda tsoron tsagewa ne, a dubi guduman jatan lande mai naushi, wanda zaruruwansa ke jere hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan juya daga na ƙasansa, sai tsaga ta riƙa murɗawa tana gajiya. Da zaren gilashi ko kabon ana juya kowane falle da digiri 10 zuwa 25, rabin sama ya zama madubin rabin ƙasa don kada ya bauɗe.

Gwaji

A manna ƙarin guntaye biyu ko uku tare da allon, da gam ɗaya a rana ɗaya, don karyawa. Allon kansa a fara ƙwanƙwasa shi da sulalla taku-taku: inda ya kama, ƙarar a tsaye take; inda iska ta maƙale, sai ta fito a dushe. A zagaye wurin da alli, a huda ƙaramin rami biyu, a ɗura gam ta ɗaya har ya fito ta ɗayan.

Sannan a ɗora shi kan bututu biyu masu tazarar mita 1, da ƙyallen roba a ƙarƙashi, a riƙa ƙara kilo 10 ana aunawa. Ya kamata kowane kilo 10 ya ba da kimanin milimita 0.7. Wuce haka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba abin damuwa ba ne. In ya ninka, ko aka ji ƙas-ƙas, fata na zamewa. A bar cikakken kayan kwana ɗaya a sake aunawa, a sauke a ga ko ya koma daidai. In a rana zai yi aiki a maimaita gwajin yana da zafi, domin efoksin da ya bushe a zafin ɗaki yakan fara laushi a digiri 50 zuwa 60, fata mai duhun fenti kuma tana kai wa nan.

Guntayen kuwa a ɓantare fatarsu da filaya a dubi bayanta. In kumfa ta biyo ta a manne, gam ya fi ɓargo ƙarfi, haka ake so. In alminiyam ya fito fes yana ƙyalli, shirin fuska ne ya gaza, a koma kan asiton da samfefa. In kuma gam ya rabu gida biyu yana danƙo a yatsa, awon haɗin ne bai yi daidai ba ko ɗakin ya yi sanyi.